Jarumin da ba ya jin tsoro ba ya shiga zuciyar mai karatu

Tambaya: Malam, ina rubuta ƙagaggen labari da na gina a kan tarihin Musulunci. Tauraron labarin saurayi ne mai tsoron Allah, ba ya ja da baya a fagen fama, ba ya wasa da salla. Amma waɗanda na ba su suka karanta sun ce bai shiga ransu ba, wai kamar dutse yake, kuma labarin ya fi kama da wa'azi. Ni kuma ina tsoron in sa masa rauni in zubar da ƙimar magabata. Yaya ake rubuta jarumta da imani su taɓa zuciya ba tare da an yi wa tarihi ƙarya ba?

Amsa: 'Yar'uwa, waɗannan masu karatu naki sun gaya miki gaskiya, ki riƙe su hannu bibbiyu. Na daɗe ina duba irin waɗannan rubuce-rubuce kafin su fita, kuma ciwon kusan guda ne kullum. Marubuci yana ganin tsoro aibi ne ga mumini, sai ya zare wa jaruminsa shi gaba ɗaya. Ita kuwa jarumta a kan tsoro take tsayawa. Wanda ba ya jin zafin wuta, in ya tsoma hannu a cikinta babu mai jinjina masa, babu kuma mai riƙe numfashi dominsa.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, Alƙur'ani da kansa bai ɓoye tsoron mafi alherin al'umma ba. Ki buɗe Suratul Ahzab, aya ta 10 da ta 11, inda ake ba da labarin Yaƙin Gwalalo na shekara ta 5 bayan hijira. Allah ya ce idanu sun karkace, zukata sun kai maƙoshi, an yi ta zace-zace game da Allah, an girgiza muminai girgiza mai tsanani. Sahabbai ake nufi, kuma Manzon Allah (SAW) yana tsakiyarsu. To wane marubuci ne zai fi Alƙur'ani kishin mutuncinsu?

Akwai wani dare a cikin wannan yaƙi da nake so duk mai niyyar rubuta labarin tarihi ya haddace shi, yana cikin Sahihu Muslim. Wani mutum ya ce a gaban Huzaifa ɗan Yamani, da ya riski Manzon Allah da ya yi yaƙi tare da shi, ya nuna bajinta. Huzaifa ya ce masa, kai ne za ka yi haka? Sai ya ba shi labari. Dare ne na iska mai ƙarfi da sanyi mai ratsa ƙashi. Annabi (SAW) ya ce, ko akwai wanda zai je ya kawo mini labarin mutanen nan, Allah ya sanya shi tare da ni ranar ƙiyama? Shiru. Ya sake faɗa, shiru. Ya faɗa na uku, babu wanda ya motsa. Sai ya ce, tashi Huzaifa. Huzaifa ya ce tunda an kira sunansa babu makawa sai ya tashi. Aka ce masa ya je ya gano halin da suke ciki, amma kada ya tunzuro su. Ya ce yana juya baya sai ya ji kamar a cikin ɗakin wanka mai ɗumi yake tafiya. Ya isa sansanin abokan gaba, ya hango Abu Sufyan yana gasa bayansa a jikin wuta. Ya ɗora kibiya a baka, saura ya saki, sai ya tuna umarnin da aka ba shi, ya sauke. Ya ce da ya harba da ya same shi. Ya dawo ya ba da labari, yana gamawa sanyin ya dawo masa. Annabi ya lulluɓe shi da gefen mayafin da yake salla da shi, barci ya ɗauke shi har gari ya waye, aka tashe shi da cewa, tashi mai yawan barci.

Ki dubi abin da ke cikin wannan ɗan gajeren labari. An yi alkawarin zama da Annabi a lahira har sau uku, sanyi da fargaba suka danne kowa a inda yake. Wanda ya tafi bai yi kirari ba, kiran sunansa aka yi. Ƙololuwar jarumtarsa kuma ita ce kibiyar da bai saki ba, ga shugaban rundunar maƙiya a gabansa, ga damar da za a yi ta ambatonsa da ita har abada. Babu inda Huzaifa ya tsaya ya yi huɗuba a kan imani, amma duk wanda ya karanta ya ga imanin da idonsa, a daidai lokacin da yatsunsa suka sassauta tsarkiya. Wannan ne ma'aunin da nake so ki auna babi-babin littafinki da shi.

Haka abin yake a Mu'uta, shekara ta 8. Zaidu ɗan Harisa ya faɗi, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya faɗi, tuta ta zo hannun Abdullahi ɗan Rawaha. Masu sira sun kawo cewa ya ɗan yi jinkiri, yana ja-in-ja da ransa cikin baitoci, yana rantse mata cewa sai ta sauka fagen ko tana so ko ba ta so. Bayan shi Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta, ya janye rundunar mutum dubu 3 daga bakin halaka. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa da suka iso Madina wasu sun riƙa watsa musu ƙasa suna kiransu gudaddu, Annabi (SAW) ya ce a'a, masu sake komawa ne in Allah ya so. Janyewa ma tana buƙatar zuciya, musamman in mutum ya san gorin da ke jiransa a gida.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin shi ne gishirin maganar. Kin haɗa jarumta da imani kamar abu ɗaya ne, Musulunci kuwa ya raba su tun farko. Larabawan jahiliyya jarumai ne na gaske, ba su jira Musulunci ya koya musu riƙon takobi ba. Abin da addini ya zo ya tambaya shi ne, don wa? An tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don bajinta, da mai yi don ƙabilanci, da mai yi don a gani, wanne ne a tafarkin Allah? Ya ce wanda ya yi don kalmar Allah ta zama maɗaukakiya. A wani hadisin na Muslim, cikin mutanen farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, za a ce masa ƙarya kake, ka yi yaƙi ne don a ce kai jarumi ne, kuma an faɗa. Mutum biyu suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, sara iri ɗaya, rauni iri ɗaya, su faɗi a wuri ɗaya, amma tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Masanin tarihi ba shi da hanyar ganin wannan bambanci, iyakarsa ya ƙirga mayaƙa ya faɗi wanda ya ci nasara. Mai ƙagaggen labari kaɗai ke da mabuɗin shiga ƙirjin mutum ya nuna niyya tana jujjuyawa. In kika bar wannan ɗaki a kulle kika tsaya kwatanta ƙarar takubba da ƙurar dawaki, kin ajiye makamin da ya fi kowanne kaifi a hannunki.

Saboda haka babban abokin gaban saurayin nan naki yana iya kasancewa a cikin rigarsa. Ki ɗauka ya yi bajinta a karon farko, mutane suka fara nuna shi da yatsa, yara suna bin dokinsa. Daren nan ya tashi nafila kamar yadda ya saba, ya kabbarta, sai ya tsinci kansa yana maimaita yabon da wani dattijo ya yi masa da rana, har ya rasa raka'a ta nawa yake. Gobe da safe kwamanda ya ce shi zai tsaya gadin kaya da raunana a bayan runduna, inda babu mai ganinsa. Me zai ji? Me zai ce? Ki ba wannan shafi biyar, ki ba yaƙin shafi ɗaya, za ki ga masu karatun da suka kira shi dutse sun fara yi masa addu'a.

Sai dai wannan mabuɗi yana da iyaka, kuma a nan tsoron da kika ambata yake da gurbi. Zuciyar da kika ƙirƙira ce kawai kike da ikon buɗewa. Lokacin da Usama ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Idan ba a yarda sahabi ya yanke hukunci a kan niyyar wanda ke gabansa ba, ina ga marubuci da ke bayan ƙarni 14? Kada ki sa wa Annabi (SAW) ko kalma ɗaya a baki wadda ba a ruwaito ba, kin san gargaɗin da ya yi wa mai yi masa ƙarya da gangan. Sahabbai ma ki tsaya kan abin da ya tabbata daga gare su, kada ki ƙaga musu tunanin zuci ko hirar soyayya. Ni shawarata ga mai farawa ma ita ce ya matsa gaba kaɗan daga zamanin Annabci, domin duk musulmin da kika ƙirƙira kika tsayar a Badar ko Uhudu kin ƙara sahabin da babu shi ke nan. Fili yana da faɗi a gaba: Shama a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, Bagadaza da Mongol suka ci a 1258 miladiyya, yaƙin Ainu Jalut a 1260, Andalus tun daga 711 har 1492. Ki ɗauki maƙerin da ke gyaran sulke, ko mai jinyar raunana, ko ɗalibin da aka tsamo daga zauren karatu. Sarakuna da kwamandoji su riƙa wucewa ta gefensa suna faɗin abin da tarihi ya tabbatar sun faɗa.

Ki kuma riƙa tace abin da ya shahara a bakin mutane. Labarin cewa Ɗariƙ ɗan Ziyad ya ƙone jiragensa bayan ya tsallaka Andalus babu shi a littattafan farko, sai bayan ƙarnoni ya ɓullo, kuma masu bincike da yawa ba su yarda da shi ba. Ga shi ma yana koyar da irin jarumtar da ta saɓa wa tarbiyyar da ta ce kada ku yi fatan haɗuwa da abokan gaba, ku roƙi Allah lafiya, in kun haɗu da su ku yi haƙuri. Kwamandan da ya san za a tambaye shi ran kowane soja ba ya toshe musu hanyar tsira don labari ya yi daɗi.

Ramuka biyu ne a gefen wannan hanya. Jurji Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892 ya kuma rasu a 1914, ya rubuta ƙagaggun labarai sama da 20 a kan tarihin Musulunci, ya sa dubban mutane son karanta tarihi. Amma malamai Musulmi sun soke shi da cewa soyayya da makircin fada ne ke juya al'amura a labaransa, imanin mutanen ya zama ado kawai. Wannan rami ɗaya ke nan. Ɗayan shi ne wanda kika leƙa, inda imani ya cika kowane shafi amma duk a baki yake, kowa ya buɗe baki sai aya da hadisi, aboki yana yi wa aboki bayanin abin da dukansu suka sani tun suna yara. Mutanen da addini ya ratsa jininsu ba su cika yin dogon sharhi a kansa ba, musamman a lokacin tsanani. Bilal yana kwance a rairayi mai zafi da dutse a ƙirji, kalma ɗaya yake maimaitawa, Ahad, Ahad.

Tunda na ambaci Bilal, ki tuna da Ammar ɗan Yasir. An kashe mahaifiyarsa Sumayya, aka azabtar da shi har ya furta abin da suke so, ya zo yana kuka. Aya ta 106 a Suratun Nahli ta yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Bilal ya jure, Ammar ya furta, kuma dukansu manyan sahabbai ne. Littafin da ke da gurbin Bilal kaɗai ya fi addinin da kansa tsanani.

In kina son ganin jarumtar da babu takobi a cikinta, ki karanta hadisin Ka'abu ɗan Malik a Bukhari da Muslim daga farko har ƙarshe, a zaune guda. Bai je Tabuka ba a shekara ta 9, kuma da bakinsa ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin ba, gobe-gobe ce ta cinye shi. Da runduna ta dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka kawo uzuri aka karɓa. Shi mawaƙi ne mai fasahar harshe, ya san zai iya tsara maganar da za ta fitar da shi, amma ya zauna gaban Annabi (SAW) ya ce ba shi da wani uzuri. Aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, har kwana 50. Yana zuwa masallaci ya yi sallama, yana satar kallon leɓɓan Annabi ko sun motsa da amsa. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so a cikin mutane, ya haɗa shi da Allah ko ya san yana son Allah da Manzonsa. Sai a karo na uku ya samu amsa, ita ma cewa Allah da Manzonsa ne mafi sani. Ana cikin haka wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan, ana cewa an ji mutuminka ya wulaƙanta ka, taho mu ɗaukaka ka. Ya ce wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta a tanderu. Ni dai ban san wani fagen fama da ya fi wannan tsayar da gashin jiki ba, kuma farkonsa kasala ce irin wadda kowannenmu ya sani a kansa. Rauninsa ne ya buɗe mana ƙofa muka shiga, sannan gaskiyarsa ta ɗaga mu.

Abokan gaba kuma kada ki mai da su dodanni ko wawaye, domin duk wanda ya ƙasƙantar da abokin karawa ya rage darajar nasarar. Khalid da ya janye runduna a Mu'uta shi ne ya zagayo da dawaki ta bayan Musulmi a Uhudu shekaru 5 kafin nan. Ummu Salama da aka raba ta da mijinta da ɗanta, lokacin da ta fito hijira ita kaɗai da yaron, Usman ɗan Ɗalha ne ya ja akalar raƙuminta har ƙauyen Ƙuba, a lokacin bai musulunta ba, kuma ta yi ta yabon mutuncinsa daga baya. Usama ɗan Munƙiz, jarumin Shama da ya rasu a 1188 bayan ya shafe rayuwarsa yana karawa da Faranjawa, wato Turawa 'yan Salibiyya, bai hana su shaidar jarumta a rubutunsa ba.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenki a kai shi ne nasara. Labarai da yawa suna mai da addu'a kamar maɓalli, jarumi ya ɗaga hannu, shafi na gaba maƙiya sun watse. Mai karatun da ya yi shekara goma yana roƙon abu ɗaya bai gani ba zai rufe littafin yana jin ko nasa imanin ne ke da tawaya. Tarihi bai tafi haka ba. An kashe Musulmi 70 a Uhudu. Mus'ab ɗan Umair, wanda ya tashi cikin gata da ƙamshi a Makka, mayafin da aka samu don yi masa likkafani in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, sai da aka sa ciyawa a ƙafafun. Alƙali Ibn Shaddad ya ba da labarin Salahuddin a 1192, shekara 5 bayan nasararsa a yaƙin Hiɗɗin, lokacin da ake fargabar Faranjawa za su sake ƙwace Ƙudus. Ya kwana bai runtsa ba don damuwa, ranar Juma'a kuma alƙalin ya ga hawayensa na ɗiga a kan abin sallarsa a Masallacin Aƙsa.

Don haka in da ni ne ke da alƙalamin, da na leƙa Andalus bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can. An tilasta wa Musulmin da suka rage shiga Kiristanci. A 1504 wani malami a Wahran ta Aljeriya ya ba su fatawar ɓoye addininsu, su yi salla ko da ishara ce. A 1567 aka kafa dokar hana harshen Larabci da tufafinsu, aka ce a bar ƙofofin gidaje a buɗe ranar Juma'a don a ga mai salla. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su baki ɗaya. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a yankin Aragon suka tarar da tarin littattafansu a ɓoye ƙarƙashin daɓe, da yawa an rubuta su da harshen Sifaniya cikin haruffan Larabci, wato ajaminsu.

Ki ɗauki uwa guda a cikin waɗannan mutane, da ɗanta mai shekara 6. Ta san in ta koya masa Fatiha, yaro ne, yana iya rera ta a bakin rijiya gaban maƙwabta, gobe a zo a tafi da gidan duka. Ta san in ba ta koya masa ba, a kanta igiyar za ta tsinke bayan kakanni sun riƙe ta shekaru ɗaruruwa. Mijinta yana cewa a jira ya ƙara wayo, kuma yana da gaskiya. Tsohuwar da ta iya karatun sosai tana kwance, numfashinta na raguwa. Dare ya raba, uwar ta kashe fitila, ta jawo yaron jikinta, ta kai bakinta kunnensa, hannunta na rawa. Ba ta ma tabbata ita kanta tana furta haruffan daidai ba. Ki koma kan saurayinki ki nemo masa dare irin wannan, inda duk ƙofar da ya bi sai ya rasa wani abu da yake so, ki zauna tare da shi a ciki har asuba, sannan ki sake ba mutanen nan su karanta.